Wa Ke Biyan Kuɗin Kan Sarki?

A cikin shekarar 1851 wani Bature matafiyi, Bajamushe, mai suna Barth, wanda mutanen ƙasashen nan suka sani da Abdulkarim, ya sauka a birnin Kano, ya shiga Kasuwar Kurmi ya dudduba hajar da fatake su ke kawowa daga arewa. A cikin abin da ya lissafa har da takarda, irin mai tambarin jinjirin wata uku, wadda a ke yi a ƙasar Italiya, a ɗauko ta a jirgin ruwa zuwa Tarabulus, sa'an nan a ɗora wa raƙuma su yi wata da watanni suna ƙetaro Sahara da ita. Waɗansu su saya su naɗe tufafin rini, malamai kuwa su saya don rubutu. Wanda duk ya taɓa buɗe tsohon littafin hannu a zaurukan Madabo ko Sharifai ya ga yadda a ke tattalinta. Ba a barin gefen shafi ya tafi a banza, sai an cika shi da sharhi, layi a kan layi, wani a tsaye, wani a kwance. Almajiri ma ba a fara sakar masa takarda. Allo a ke ba shi, ya rubuta, ya hardace, ya wanke, ya sake rubutawa.

Da Turawa suka zo da gidan waya, jirgin ƙasa kuma ya iso Kano a 1911, tattalin bai ragu ba. Mai buga tangaraho kalma-kalma a ke ƙirga masa, kowace da kuɗinta. Don haka attajirin gyaɗa ba ya tambayar lafiyar iyali da ta dabbobi a waya. Ya faɗi yawan buhuna, ya faɗi rana, ya sa suna, shi ke nan. Ba rowa ce ta sa shi haka ba. Ya san maganarsa kaya ce, kaya kuwa dole a biya dakonsa.

Yau fa? A cikin watan Agusta na 2001 wayar hannu ta shigo Nijeriya. A lokacin layi kaɗai dubban nairori ne, minti ɗaya kuma naira 50, ko ka yi maganar daƙiƙa biyar sai an cire maka na minti cif, sai da Glo ya zo a 2003 da lissafin daƙiƙa. Mutane na tsoron waya a wannan zamani, suna magana a tsaitsaye. Da aka sami intanet a cikin waya, aka sami WhatsApp da Facebook da TikTok, sai tsoron ya fita, har jama'a suka ɗauka saƙo ba shi da nauyi, aika shi kuma kyauta ne. Wannan zato shi na ke so mu bincika, domin kuskure ne, kuma talakan cikin birni shi ya fi kowa biyan diyyarsa.

Bari mu fara da mudun da a ke awo da shi, don ku da kuka fita ajin yaƙi da jahilci kun san lissafi. Harafi ɗaya na boko nauyinsa bayit ɗaya ne, sai dai masu lanƙwasa irin su ƙ da ɗ da ɓ, su biyu-biyu su ke ci. Bayit miliyan ɗaya shi a ke kira megabayit, megabayit dubu kuma gigabayit, watau abin da ka ke saya in ka ce a sa maka data. Shafin littafi irin wannan da ke hannunka yana ɗauke da harufa wajen 2,000. Ashe ke nan megabayit ɗaya tak ya isa ya ɗauki shafi 500 na tsantsar rubutu. To, hoton nan mai furanni da kubbar masallaci wanda a ke rarrabawa kowace safiyar Juma'a, kalmomin da ke jikinsa ba su wuce biyar ba, amma ya kan kai nauyin shafi 50. Saƙon murya na minti ɗaya ya ninka nauyin rubutattun kalmominsa wajen sau ɗari. Bidiyon minti biyu ko uku kuwa ba wuya ya kai megabayit 10, watau shafi 5,000. Mutum ya ɗora wa ɗan'uwansa lodin raƙumi don ya ce masa barka da Juma'a.

Ga inda gizo ke saƙa. A ƙasar Ingila kafin 1840, yawanci wanda aka aika wa wasiƙa shi ke biyan kuɗinta, ba wanda ya aika ba. Ɗan gidan waya ya zo ƙofarka ya ce ka biya, in ba ka da shi ko ba ka so, ka ce ya koma da ita. Wani mutum mai suna Rowland Hill ya ga ɓarnar da ke cikin wannan tsari, ya kawo shawara mai aikawa ya riƙa biya tun farko, kwabo ɗaya, a manna masa 'yar takarda a jikin ambulan don shaida. Aka buga ta da hoton kan Sarauniya Biktoriya a 1840. Asalin abin da mu ke kira kan sarki ke nan. Tun daga ran nan duniya ta zauna a kan ƙa'ida ɗaya mai adalci, mai magana shi ke biyan dakon maganarsa, saboda haka ya kan auna ta kafin ya sake ta.

Wayar zamani ta rushe wannan ƙa'ida ba tare da an yi shela ba. Mai aikawa ya biya sau ɗaya, masu karɓa kuma kowa ya biya nasa daban. A ce zauren unguwa, ko na 'yan kasuwar Ƙofar Wambai, ko na tsofaffin ɗalibai, yana da mutum 250. Wani ya jefo bidiyo mai megabayit 10. Shi abin da ya kashe bai taka kara ya karya ba, in ma turowa ya yi daga wani zaure kusan ba abin da ya fita daga aljihunsa. Amma in kowa ya buɗe, an ci megabayit 2,500 daga aljihun jama'a, watau gigabayit biyu da rabi, a kan abin da galibi sun riga sun gani a wani zauren jiya. Tun 2022 kuma zaure ɗaya na iya ɗaukar mutum 1,024. Baturen Ingila na dā ma ya fi mu gata, don shi yana iya juya wasiƙa ya dubi rubutun bayanta ya ce ba ya karɓa. Mu kuwa hotuna da saƙonnin murya da kansu su ke sauka a yawancin wayoyi, bidiyo kuma sai ka biya sa'an nan ka san abin da ke ciki.

Wannan kuɗi ba na wasa ba ne ga mai ɗinkin hula a Yakasai ko mai tura ruwa a Dala. A watan Janairu na 2025 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100. A cikin wannan watan dai, bisa lissafin hukumar, datar da mutanen Nijeriya suka sha ta haura terabayit miliyan ɗaya, terabayit ɗaya kuwa gigabayit dubu ne. Lalle a ciki akwai ciniki da karatu da neman magani da sada zumunci. Amma kowa ya buɗe wayarsa ya duba tsakaninsa da Allah, ya ga kashi nawa ne na amfani, kashi nawa ne ƙaiƙayi. Magidanci zai tsaya ya yi ciniki mai zafi a kan naira ɗari a wurin mai tumatir, sa'an nan ya sa katin dubu ya ƙare kafin la'asar bai tambayi inda ya tafi ba, don ba a hannunsa aka karɓa ba.

Na san abin da wani zai ce. Zai ce ai gaisuwa ba ɓarna ba ce, Bahaushe kuma da doguwar gaisuwa aka san shi. Gaskiya ne. Amma gaisuwar da muka gāda tana da suna a cikinta. Ka tafi har zauren mutum, ka tuɓe takalmi, ka tambayi kwanansa da gajiyarsa, ka tambayi mai jikin da ka ji labari, shi ma ya tambaye ka. Tsawonta shi ne darajarta, don lokacinka ka ba shi. Hoton da ka tura wa mutum ɗari da dannawa ɗaya, wanda kai ma turo maka aka yi, ba ka ba kowa kome ba, sai ma ka karɓa. Da ka rubuta, “Yaya, ina kwana, yaya ƙafar Baba?” da ya fi nauyi a zuciya, ya kuma fi sauƙi a aljihu sau dubu. Magabata da suka ce zumunta a ƙafa ta ke sun san abin da su ke faɗi.

Saƙon murya shi kam ba zan yi masa kuɗin goro ba. Ga tsohuwar da ba ta sami shiga aji ba, ga makaho, ga wanda idonsa ya yi rauni, wannan abu rahama ne. Uwa a Mandawari ta ji muryar ɗanta da ke Makka ko Ikko ba sai ta nemi yaron maƙwabta ya karanta mata asirinta ba. Wanda ya tuna zamanin masu rubuta wasiƙa a bakin gidan waya ya san girman wannan 'yanci. Da ku na ke, ku da kuka sha wahalar koyon baƙi da wasali bayan girma ya kama ku, ko a ajin yaƙi da jahilci na dā, ko a na Hukumar Ilmin Manya da Gwamna Abubakar Rimi ya kafa a Kano a 1980. Me ya sa mai takardar shaida zai danna waya ya yi minti huɗu yana gyaran murya da “to, watau, ka gane ko,” don kawai ya ce a haɗu bayan azahar? Mai karɓa ba shi da halin ya leƙa ya tsinci abin da ya ke so, dole ya saurara daga farko har ƙarshe, in kuma yana cikin jama'a sai ya jira ya keɓe. In ranar biki ce ko lambar asusu ce a ciki, bayan mako guda ba ta nemuwa sai an bi saƙonni ɗaya-ɗaya. Hannun da ya daina rubutu kuwa sanyi ya ke yi. Da yawa waɗanda suka fita aji da kyakkyawan rubutu, yau sunansu ma da ƙyar su ke sawa a takarda.

Sai hasara ta biyu, wadda ta fi ɓuya. Duk abin da ya sauka a waya zama ya ke yi a cikinta. Yau kaɗan, gobe kaɗan, sai rumbun wayar ya cika, ta fara nauyi, ta riƙa tsayawa. Mai ita ya ce ta tsufa, ya nufi Farm Centre ko titin Beirut ya sayo wata, alhali kuwa ba abin da ya same ta sai shara. Tsohuwar kuma ina ta tafi? In an yi sa'a a ba yaro, in ba haka ba ta bi 'yan gwangwan, a fasa a cire abin da zai sayu, sauran da batirinta a watsar a juji ko a kwata, damina ta zo ta kwashe zuwa Jakara. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, wadda aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida kuwa ba ta kai kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Ga kuma wuta. Kallon bidiyo shi ya fi kome shan batir, mazaunin cikin birni kuwa ya san ba kullum a ke samun lantarki ba. Sai a kai wa mai caji a bakin layi, shi ma da janareta ya ke aiki. A ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Kuɗin caji ya bi sahu. Dogayen turakun sadarwar nan da ka ke hangowa sun yi wa ganuwa rata, mafi yawansu da man dizal a ke riƙe su dare da rana, miliyoyin litoci kowane wata a faɗin ƙasa, kuma kuɗin man nan yana cikin katin da ka saya. Can ƙasashen waje kuma akwai manyan gine-gine cike da kwamfutoci inda a ke ajiye hotuna da bidiyon duniya, ana hura musu sanyi ba dare ba rana. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta a 2024 sun sha kimanin kashi ɗaya da rabi cikin 100 na dukan lantarkin duniya, watau wajen ninki goma na abin da babban layin Nijeriya ke rabawa a shekara. Ba na cewa hoton Juma'arka ne ya shanye wannan duka, don akwai bankuna da asibitoci da sauran manyan ayyuka a ciki. Amma fiye da rabin abin da ke bin wayoyin hannu na duniya bidiyo ne, kuma da ɗigo-ɗigo tulu ke cika.

Kada a ɗora wa talaka laifin duka. Kaso mai tsoka na wuyan masu ƙera manhajoji da masu shafuna. Kamfanin da ya mallaki Facebook da WhatsApp da Instagram kusan dukan kuɗin shigarsa daga talla ne, saboda haka ribarsa ita ce ka daɗe kana kallo. Shi ya sa bidiyo ke tashi da kansa ba ka taɓa shi ba, wani na ƙarewa wani na hawa, ba a bar maka wurin ajiye numfashi. Tallan da a ke cusa maka ma da datarka ya ke sauka, watau ka biya kuɗi don a yi maka talla. A wajen 2010 matsakaicin shafin intanet nauyinsa kamar rabin megabayit ne, cikin 'yan shekarun nan ya haura biyu. Labarin da ka je karantawa a ciki bai kai kashi ɗaya cikin 100 na wannan nauyi ba, sauran duk ado ne da talla da 'yan leƙen asiri masu ƙirga inda ka taɓa. Su masu ginawa suna zaune inda intanet ke gudu kamar ruwan famfo, ba sa jin nauyin abin da suka ɗora. Kuma sun iya sauƙaƙawa in sun ga dama, don a 2015 Facebook ya fito da wata ƙaramar manhaja domin ƙasashe irin namu wadda ba ta kai megabayit ɗaya ba a lokacin. Manhajoji na ƙara ƙiba, ana yasar da tsofaffin wayoyi a hanya. A watan Oktoba na 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayoyin Android masu tsohon tsari, ko da lafiyarsu lau. Ofisoshinmu ma ba su tsira ba. Sanarwar layi uku sai a buga ta a takarda, a ɗauki hotonta a karkace, a watsa, mai ƙaramar waya ya yi ta ware yatsu yana neman kwanan wata.

Amma hasarar da ta fi duka zafi ba ta kuɗi ba ce. Dā in sankira ya fito da shela, gari kan yi tsit, don an san ba ya fitowa a banza. Yanzu kowa sankira ne. Mutum ya wayi gari ya tarar da saƙo ɗari uku, ya gaji, ya share su gaba ɗaya, ashe a tsakiyarsu akwai sanarwar rasuwar maƙwabcin mahaifinsa da lokacin jana'iza. Sai bayan kwana uku ya ji, ya tafi ta'aziyya yana sunkuyar da kai. Ko a nemi mai ba da jini a asibiti cikin gaggawa, saƙon ya nutse a ƙarƙashin barkwanci da tallan atamfa. Ga masu cewa ka tura wa mutum goma za ka ji labari mai daɗi, in ka ƙi kuma kaza zai same ka, har a jingina wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, maganar da ba wanda ya san asalinta. A garin da malamai su ke tsayawa su bi salsalar ruwaya mutum bayan mutum, wannan abin kunya ne. Kuma yana kisa. A watan Agusta na 2014, bayan cutar Ebola ta shigo Ikko, saƙo ya zaga ƙasar nan cikin dare ɗaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Mutane suka yi ta tashin 'yan'uwansu daga barci da kyakkyawar niyya. Aka kwantar da waɗansu a asibiti, aka kuma ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum biyu. Kamfanin WhatsApp da kansa ya ga abin ya yi yawa, a 2019 ya taƙaita turawa zuwa wuri biyar a lokaci guda, a 2020 kuma ya mai da saƙon da ya sha yawo zuwa wuri ɗaya, ya ce yaɗuwar irinsu ta ragu da kashi 70 cikin 100. Ɗan wannan shinge kaɗai ya isa ya nuna yawancin masu turawa ba su ɗauki saƙon da muhimmancin da zai sa su danna sau biyu ba.

Samarin da ke sayen datar tsakar dare don ta fi araha, su kwana suna kallo, su makara sallar asuba da kasuwa, wannan kowane uba ya sani, ba sai na tsawaita ba.

Sau biyu a cikin 2024 aka tuna mana cewa abin nan yana da iyaka. A ran 14 ga Maris manyan wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi rauni a Nijeriya da Gana da maƙwabtansu, har aika kuɗi ta banki ya gagara a wurare da yawa. A watan Oktoba kuma manyan layukan lantarki masu kawo wuta Arewa suka lalace, Kano ta yi fiye da mako guda cikin duhu. A kwanakin nan an ga tsohon tattali ya dawo. Mai sauran batir kaɗan ba ya buɗe bidiyo. Ya kunna waya, ya rubuta abin da ya kama, ya kashe, daidai da attajirin gyaɗa a gaban mai tangaraho. Ba a ji wanda zumuncinsa ya yanke saboda bai sami hoton furanni ba.

Abin da ke hannun mutum ɗaya ba shi da wuya. A cikin saitin WhatsApp akwai wurin da a ke hana hotuna da bidiyo sauka da kansu, a Facebook ma akwai inda a ke hana bidiyo tashi sai an taɓa shi, yaron gida zai nuna maka cikin minti biyu. A jikin kowane bidiyo ana rubuta nauyinsa kafin a sauke, ka saba duba lambar nan ka ninka ta da shafi 500. Masu riƙe da zaurukan unguwa da na masallaci da na dangi suna iya raba zaure biyu, ɗaya na hira, ɗaya na sanarwa wanda su kaɗai ke iya rubutu a ciki, don rasuwa da haihuwa da ɗaurin aure su sami wurin da ba za su nutse ba. Abin da ya shafi nauyin shafuna da tallan dole kuwa ya fi ƙarfin mai unguwa, aikin hukuma ne, kuma wurin da ya kamata ta fara shi ne shafunanta na rajistar jarrabawa da neman aiki da katin ɗan ƙasa, waɗanda talaka ba shi da zaɓi sai ya buɗe su da datarsa.